Maigida, Kai Ma Akwai Kujerarka a Ɗakin Awo

  Wannan karon maganar da na zo da ita ta maigidanki ce, don haka idan kin gama karantawa kada ki ba yara takardar nan su ƙunshe ƙosai a ciki. Ki kai masa ita gida. In kuma kina jin nauyin miƙa masa hannu da hannu, to ki ajiye ta kusa da rediyonsa, zai gani.

Duk ranar awo idan na leƙa ta taga ina hango su a bakin ƙofar asibiti, wasu a kan babura, wasu a gindin darbejiya suna jira. Sun sauke matansu, sun biya kuɗin kati da na gwaji, a ganinsu sun sauke nauyin da ke kansu. Allah ya saka masu da alheri, domin akwai waɗanda ko hakan ba sa yi. Amma ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, shi ne wannan bai isa ba. Cikin nan na mutum biyu ne, kuma wasu daga cikin matsalolin da muke fama da su a ɗakin awo da ɗakin haihuwa a jikin namiji tushensu yake. Mu kuwa mace kaɗai muke gani, ita muke aunawa, ita muke ɗora wa magani, alhali mai ɗaya rabin yana can waje yana duba agogo.

Bari in fara da abin da ya fi damuna, wato cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Akwai wata baiwar Allah da na duba a cikinta na biyu, sau uku tana dawowa da ƙorafi iri ɗaya: ruwa mai wari yana fita ta gabanta, ga zafin fitsari. Kowane zuwa likita ya rubuta magani, ta sha, ta samu sauƙi, bayan 'yan makonni ciwo ya dawo sabo. Tun zuwanta na farko mun ba ta takarda ta kai wa mijinta don shi ma ya zo. A zuwa na uku na ja ta gefe na tambaye ta, sai ta buɗe jakarta ta nuna mini takardun nan a ninke, ko ɗaya ba ta ba shi ba. Ta ce, “Sista, da wane bakin zan ce wa Malam ya zo a duba shi? Cewa zai yi zarginsa nake yi.” Ban ga laifinta ba. Sai dai kwana uku bayan ta haihu aka dawo mana da jaririn, idanunsa biyu sun kumbura sun manne, mugunya tana zuba. Allah ya sa an kawo shi da wuri, aka ceto ganinsa. A ranar ne uban ya shigo, kuma da aka yi masa bayani bai yi gardamar komai ba. Abin da ya ce kawai shi ne me ya sa ba a gaya masa tun farko ba.

Ciwon sanyi irin wannan, idan yana jikin uwa lokacin haihuwa, yakan shiga idon jariri yayin da yake fitowa, ya bayyana cikin kwana 2 zuwa 5, kuma yana iya makantar da shi idan aka tsaya ɗiga nono ko sa kwalli. Akwai wani ɗan'uwansa da likitoci ke kira kilamidiya, wanda sau da yawa namiji yana ɗauke da shi ba tare da jin komai ba. Tunjere ya fi su duka iya ɓuya. Ɗan gyambo ne marar zafi yake fitowa a gaban mutum, ya warke da kansa, mutum ya manta, alhali cutar tana nan cikin jini shekara da shekaru. Idan ta kai ga mai ciki tana ratsa mabiyiya ta kama ɗan tayi, sai a yi ɓari, ko a haifi bakwaini, ko ɗa ya zo babu rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai, jarirai fiye da 200,000 ne suka zo babu rai ko suka rasu jim kaɗan bayan haihuwa saboda tunjere. Maganinsa kuwa allurar fenisilin ce, tsohon magani mai sauƙin kuɗi. To amma idan aka yi wa mace ba a yi wa miji ba, an zuba ruwa ne a kwando.

Dokar da muke bi a nan ita ce, a yi wa miji da mata magani lokaci guda, a shanye shi duka, sa'annan a ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan an yi magani. Idan gidan mata biyu ne ko uku ko huɗu, to duka za a duba, ba wadda za a bari, domin idan aka bar mutum ɗaya ciwon zai zagayo ne bisa ga rabon kwana. Haka nan gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta. Uwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, idan ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan ɗauka, amma idan tana shan magani yadda ya kamata adadin yakan sauko ƙasa da 5. Sai dai macen da aka gwada a wata na uku aka ga ba ta da komai tana iya ɗauka a wata na bakwai, in ba a san halin da mijin yake ciki ba.

A nan sai in ja kunnenki, uwargida. Ba kowane ƙaiƙayi ko farin ruwa ne daga miji yake ba. Mai ciki takan yi fama da wani farin abu mai kama da kindirmo, mai ƙaiƙayi, wanda canjin jiki ne ke kawo shi, babu ruwan kowa. Mu mata mun saba kiran komai “sanyi”. Kuma ko da gwaji ya nuna cutar saduwa ce, tana iya zama tsohuwa, tun kafin aurenku, ko daga wani auren da ɗayanku ya yi a baya. Aikinmu magani ne, shari'a ba tamu ba ce, kuma ba ma tambayar wa ya kawo.

Magana ta biyu ita ce rashin haihuwa. Za ki ce ke da Allah ya ba ki me ya haɗa ki da wannan. To ai kina da ƙanwa, kina da abokiyar zama, kina da matar wa ko matar ƙane da ta shekara biyar ana kallon cikinta duk ranar suna. Wata rana kuma ke ce uwar miji. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da likitoci suka tabbatar kuma shi ne, a kusan rabin ma'auratan da ke wannan hali akwai hannun namiji a ciki, ko dai shi kaɗai, ko shi da matar. Amma a garuruwanmu wa ake kira juya? Wa ake kai wa wankin mahaifa, a ɗura mata jiƙe-jiƙe, a yi mata hoto bayan hoto, daga ƙarshe a yi mata kishiya? Na ga mutumin da sai da ya auri mace ta uku, ita ma shiru, kafin ya yarda ya ba da maniyyinsa a auna. Ta farkon da ya saka tuni ta yi aure a wani gari har ta yi goyo biyu.

Abin da ke ruɗin maza shi ne suna haɗa ƙarfin namiji da haihuwa, alhali abu biyu ne daban. Mutum yana iya biyan buƙatar iyalinsa sarai, ruwa yana fita kamar na kowa, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin ruwan sun yi kaɗan, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Ido ba ya ganinsu, sai da madubin ɗakin gwaji. Haka kuma wanda ya taɓa haihuwa shekara goma da suka wuce ba shi da tabbacin yau ma haka yake, domin ciwo yana iya shiga tsakani.

Gwajin kansa ba allura, ba yanka. Namiji zai ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, a ba shi 'yar kwalba mai tsabta, ya kawo ruwan ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, ba tare da ya bar shi a rana ko ya sa shi a firji ba. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana so a samu aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita. Idan sakamakon farko bai yi kyau ba, kada hankali ya tashi. Jiki yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, don haka zazzaɓi mai zafi da aka yi a watan jiya yana iya rage su na ɗan lokaci, shi ya sa akan maimaita gwajin bayan kamar wata uku. Ki kwatanta wannan da abin da mace ke sha kafin a gane ko hanyoyin ƙwanta a buɗe suke, ga zafi ga tsada. Ni a ganina, ma'auratan da suka shekara ɗaya suna tare babu ciki, da namiji ya kamata a fara, ko don sauƙin aljihunsa.

Dalilan suna da yawa, kuma wasunsu suna da magani. Akwai kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ake samu a kusan namiji 15 cikin 100, galibi a ɓangaren hagu. Idan mutum yana tsaye ya taɓa zai ji kamar igiyoyi sun cukurkuɗe a saman ɗan marainan. Jinin da ke taruwa a wurin yana ɗumama maraina, su kuwa Allah ya rataye su a waje ne domin sun fi son sanyi kaɗan fiye da sauran jiki. Ƙaramar tiyata takan gyara wannan. Akwai ciwon sanyin da aka yi wa rabin magani a kemis, kafso biyu yau, biyu gobe, zafin fitsari ya tafi, amma ciwon ya gangara ya toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Akwai hangum idan ya kama namiji bayan ya balaga ya sauka a maraina. Akwai tsargiya, wadda yaran da ke wanka a kududdufi da madatsun ruwa ke ɗauka, har wasu na ganin fitsarin jini alamar girma ce. Sai kuma taba sigari, da giya, da ƙiba mai yawa, da feshin maganin ƙwari a gona babu kariya.

Tun da muna kan wannan, bari in ɗan ratse. Iyayenmu surukai, don Allah a daina harara ga matar da ta jera 'ya'ya mata. Ƙwan mace iri ɗaya ne kullum. Ƙwayar namiji ce iri biyu, wadda ta riga isa ita ke sa a samu namiji ko mace, da ikon Allah. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba, balle ita.

Yanzu sai masu mota da lasifika a bakin kasuwa da tasha. Kin san su, kin kuma san irin kalaman da suke yi har mutum ya rasa inda zai sa kansa in yana tare da 'ya'yansa. Maigida, da kai nake a nan. Raunin mazakuta ba abin dariya ba ne, kuma sau da yawa shi ne ɗan aiken farko na ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya, domin jijiyoyin jinin wurin ƙanana ne, su ke fara nuna alama. Wanda ya sayi ƙullin gari ko kwalbar tsimi ya rufe bakin ɗan aike ne, ciwon kuwa yana nan yana cin sa. Bugu da ƙari, an sha gano cewa wasu magungunan da ake cewa na itatuwa ne zalla an cakuɗa su da maganin bature na ƙarfin maza, ba tare da awo ba. Mai shan wasu magungunan ciwon zuciya idan ya haɗa da wannan, jininsa yana iya faɗuwa warwas. Allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin kuzari kuwa, rage ƙwayoyin haihuwa take yi, har ta kai ga tsayar da su. Kuma duk namijin da gabansa ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa 4, musamman mai sikila, to ya taho sashen gaggawa ko da tsakar dare ne, domin jinkiri yana iya kashe wurin har abada.

Sai mu dawo kan abin da ke cikinki. Idan Allah ya ba ki ɗa namiji, lafiyar haihuwarsa ta gaba tun daga ranar farko ake fara kula da ita. Kafin a sallame ku, ki tambayi ungozomar da ta karɓe shi ko ta taɓa 'ya'yan marainansa ta ji su biyu a cikin jakarsu. Kada ki ji kunya, aikinmu ne. Kusan jarirai maza 3 cikin 100 da suka cika wata tara ana haifarsu ɗaya bai sauko ba, a bakwaini kuwa abin ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. Yawanci yakan sauko da kansa a watannin farko. Idan yaro ya kai wata 6 bai sauko ba, sai a kai shi wurin likitan tiyatar yara, domin an fi so a yi aikin kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Wanda aka bari a cikin ciki zafi yana lalata shi a hankali, kuma ya fi saurin kamuwa da ciwon daji idan yaron ya girma. Lokacin wanka da ruwan ɗumi ya fi daɗin dubawa, saboda jakar takan saki.

Ki kuma lura da inda fitsarinsa ke fita. Wani yaron ƙofar fitsarinsa ba a kan tsinin gaban take ba, tana ƙasa, gaban kuma ya ɗan lanƙwashe. Irin wannan yaro kada a yi masa kaciya, ko a gida ko a asibiti, sai likita ya gan shi, domin fatar da wanzami zai yanke ya yar ita likita kan buƙata wajen gyara. Kakanni sukan matsa a yi kaciya da wuri a huta, to a nan sai maigida ya tsaya da ƙafarsa. Haka kuma idan a danginki akwai mazan da jininsu ba ya tsayawa in sun ji rauni, ki faɗa kafin a sa wa yaro aska. Kumburin maraina na ruwa a jariri yakan baje da kansa kafin shekara ɗaya zuwa biyu. Amma kumburin da ke fitowa a matsematsi idan yaro yana kuka, ya koma idan ya yi barci, wannan hanji ne ke leƙowa, aiki yake so. Ranar da ya fito ya ƙi komawa, yaro yana amai yana tsala kuka, kada a jira gari ya waye.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na samari. Yaro ɗan shekara 12 zuwa 18 ya farka cikin dare da matsanancin ciwo a maraina ɗaya, har da amai. Kunya ta hana shi gaya wa uwa, tsoro ya hana shi gaya wa uba, sai ya ce cikinsa ke ciwo, a ba shi kanwa ko fanadol. Abin da ya faru shi ne ɗan marainan ya murɗe a kan igiyarsa, jini ya daina isa gare shi. Idan aka shiga tiyata cikin awa 6 galibi ana ceto shi. Bayan kwana guda galibi sai dai a cire. Uba ne ya kamata ya gaya wa ɗansa wannan tun kafin ta faru, cikin raha, yadda yaron zai san akwai wanda zai tasa da dare.

Na manyan gida ba zan tsawaita ba. Baba ko kaka da ke tashi fitsari sau biyar a dare, yana yi yana yankewa, wata tsoka ce da ke ƙarƙashin mafitsara ta girma ta matse hanya, kuma akwai magani, akwai aiki. Idan an sallamo shi da robar fitsari, mai jinya ya wanke hannu kafin ya taɓa da bayan ya taɓa, jakar ta zauna ƙasa da mafitsara kullum amma kada ta taɓa ƙasa, a ba shi ruwa ya sha sosai, a kuma dawo ranar da aka ce za a canza ta. Zazzaɓi, ko jini, ko fitsari ya daina zuba cikin jakar, duk dalilin dawowa ne nan take. Mai gwaiwa kuma ya sani aikinta ba ya hana haihuwa, kuma gwamma a yi tun tana ƙarama. Bayan aiki sai ɗan kamfai mai ɗan matsewa don ya tallafe wurin, a bar ciwon a bushe, a haƙura da ɗaukar kaya mai nauyi har sai likita ya ba da izini.

Na san abin da maza za su ce, domin sun sha gaya mini. Za su ce ɗakin awo cike yake da matan mutane, ina namiji zai zauna? Za su ce wuni guda a layi asarar abincin gida ne. Za su ce ba za su kwance wando gaban mace ba. Duk gaskiya ne, kuma mu ma'aikata muna da namu laifin. Mun daɗe muna korar maza daga bakin ƙofa da tsawa, wata ma a gaban jama'a za ta ɗaga murya ta ce “kai ne mijin mai ciwon sanyin nan?” Wanda aka yi wa haka ba zai sake dawowa ba, kuma zai hana abokansa goma zuwa. Wannan gyaranmu ne, kuma ina faɗa wa 'yan'uwana ma'aikata kamar yadda nake faɗa a nan. Amma haƙƙinka ne, maigida, ka nemi a gan ka a keɓe, ka nemi namiji ya duba ka, kuma sirrinka ba ya fita ko ga mahaifiyarka sai da yardarka.

Abin da nake roƙo zuwa ɗaya ne tak a cikin wata tara, in da hali a awon farko. A auna jininka da sukarinka, a ɗebi jini a duba tunjere da ƙanjamau da ciwon hanta, a san rukunin jininka da kuma ko kana ɗauke da sikila, domin idan ku biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da mai ciwon. Idan akwai wani abu da ke damunka a ɓoye, kumburi ne, ko zafin fitsari, ko rauni, a ranar sai ka faɗa a tura ka wurin likitan mafitsara. Ka zo da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya, a cikin leda.

Ke kuma 'yar'uwa, idan bakinki ba zai iya ba, ki gaya wa ungozomar da ke duba ki ta rubuta masa takardar gayyata da hannunta, ko ta fita ta same shi a gindin darbejiyar nan ta ce likita yana son ganinsa game da lafiyar jaririnsa. Na gwada hakan ba sau ɗaya ba, kuma da wuya ka ga wanda ya ƙi tasowa. Allah ya raba lafiya.